Wanda Ya Lalace

Ƙarfe huɗu na yamma, wata Laraba, ina 'yar shekara tara, Mama ta tura ni ɗakin mijin ƙanwarta ya koya mini lissafi. Gida ɗaya muke haya a unguwar Bukan Sidi cikin garin Lafiya, Kawu nake ce masa. Ya rufe ƙofa ya sa sakata. Ba zan rubuta abin da ya yi ba, bai cancanci layi ko ɗaya daga hannuna ba. Abin bai tsaya a wannan Larabar ba.

Kakata ta wajen uwa na faɗa wa, ranar da ta zo daga Keana da buhun gishirinta. Ta saurare ni har na gama. Washegari na ji ta a bayan kicin tana ce wa Mama, "Ya lalace. Ba ya gyaruwa. A raba shi da yara." Kafin mako ya zagayo aka ɗaure mini kaya, na bi Kaka Keana, na bar ƙannena. Kawu yana ɗakinsa.

Kaka 'yar ƙabilar Alago ce, a kasuwa ta koyi Hausa. A bakinta kowa namiji ne. "Kai" take ce mini, akuyarta ma "ya haihu". Da na ga ni aka raba da yara, sai na gane wanda ya lalace.

Da wannan kalmar na girma. Ba na magana a aji sai an kira ni. Ina wanke yunifom ko bai yi datti ba, ina sake rubuta shafi guda saboda harafi ɗaya ya karkace, duk don kada wani ya hango lalacewar. Ina zaune da Kaka, muna ci a kwano ɗaya, ban taɓa tambayarta ba.

Da na dawo Lafiya karatun jami'a, ciwon kai ya riƙa kai ni asibitin makaranta. Wata nas ta lura ba na zama sai ƙofa tana buɗe. Ba ta tsare ni da tambaya ba. Ta sa kujera ta tokare ƙofar, ta ce, "Ƙanwata, ranar Asabar muna haɗuwa da wasu mata. A gindin mangwaro ne, babu ƙofa."

Na daɗe ina zuwa ina saurare kawai. Ranar da na buɗe baki na faɗi maganar Kaka, wata malamar firamare a cikinmu ta kalle ni ta ce, "'Yar boko, ke da kike gyara mana Hausa kullum. Tsohuwar ta ce ya lalace. Wa ya gaya miki da ke take?"

Na koma ɗaki da wannan tambayar.

Bara aka yi suna a gidanmu. Kawu na kan kujera a tsakar gida, ya yi furfura, ana layin gaishe shi. Mama ta taɓa ni. "Je ki durƙusa ki gaida Kawunki, mutane na kallo."

"Su kalla, Mama. Gwiwata ba za ta taɓa ƙasa a gabansa ba."

"Ki rufa mana asiri."

"Asirinsa ne. Na gaji da riƙe masa."

Muryata ta kai inda yake. Ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da babu abin da ya same shi. Na wuce ta gabansa a tsaye, na nufi kicin, inda Kaka ke zaune tana ɓare gyaɗa.

Ita na durƙusa wa. Na ce, "Kaka, ranar da kika ce ya lalace, ba ya gyaruwa, wa kike nufi?"

Ta ajiye faranti, ta dube ni. Sannan ta nuna tsakar gida da haɓa.

"Wancan mana. Na ce a kore shi, uwarka ya ji kunyan ƙaninsa, shi ya sa na ɗauke ka na tafi. Kai kuma me ka yi? Kai yaro ne."