Ramukan Duna

Wata Talata a tsakiyar bazara, shekarar da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, na dawo gida da tsakar rana na tarar da Gwaggo Falmata tsaye a gindin randa, ta riƙe haɓa tana kallon wani sabon rami. Duna, baƙin karenmu, yana kwance a ciki ya zaro harshe, ko a jikinsa.

A lokacin ni kaɗai ne yaro a gidan kakata da ke Birni. Daga Mirriya aka kawo ni riƙo, gida duk manya, ba mai yi mini magana sai in za a aike ni. Yaran unguwa suna langa a gindin duwatsu, amma ba sa yi da ni, wai warin kare nake. Duna gadon marigayi kakana ne, don gadin awaki ya ajiye shi. Shi ke raka ni yankan ciyawa, shi ke jirana a ƙofar gida, shi nake ba labarin innata, bai taɓa nuna ya gaji ba.

Sai Kaka ta kwanta ciwo. Gwaggo, wadda ko ƙadangare ya gitta sai ta samo masa fassara, ta ce, "Kare ba ya tono a gidan majinyaci a banza. Kabari yake nuna mana." Masu zuwa dubiya suka sa baki, magana ta zauna.

Ni kuwa na san dalili. Randar tana tsatsafo da ruwa, ƙasar wurin ta fi ko'ina sanyi a gidan, na sha zura ƙafata a ramin in rana ta ƙwalle. Na yi ƙarfin hali na ce, "Gwaggo, sanyi kawai yake nema." Ta harare ni, ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Wani mutumin ƙauyen Guna da ke kawo mana itace aka ba Duna. Ya ɗaure shi a bayan amalanke, Duna yana turjewa yana waiwayena har suka sha kwana.

Ba a jima ba Kaka ta miƙe. Aka yi sadakar waina, kowa yana yaba hangen Gwaggo. Na yi murna da gaske, ina son kakata. Amma wa zan yi wa kukan kare a gidan da ake godiyar tafiyarsa? Sai in laɓe bayan randa, in zura ƙafa a ramin da aka manta ba a cike ba.

Yanzu an shafe tsakar gidan da siminti, firiji ya maye gurbin randa, yara sun cika ko'ina. Duk ran da na je da bazara, sai na tsaya a wurin nan na cire takalmi. Simintin zafi ne da shi.