Tagar da Na Buɗe a Kan Gidan Baba

Lokacin da abin nan ya faru ina harkar hatsi tsakanin kasuwar Kankia da ta Kusada, kuma kaina ya fara girma don ciniki ya karɓe ni. Gidan da na gada a cikin tsohon gari ya yi mana kaɗan, yara sun yi yawa, ba kuma filin da za a ƙara ko tako ɗaya. Sai na ƙudurta ɗora ɗan bene a kan zaure. Na san akwai ofishin da ke ba da izinin gini, amma wani abokina ya ce wa ya taɓa neman izinin saman gidan ubansa. Maganar ta yi mini daɗi. Da na je wurin mai unguwa sai kawai na ce zan ƙara ɗaki, ban ce a sama ba, shi ma bai tambaya ba.

Na sa aka fitar da taga ta gabas don iska. Sai da aka gama na leƙa, na ga tsakar gidan maƙwabcina tas, tun daga murhu har makewayinsu da ba shi da rufi. Maƙwabcin nan dattijo ne, aminin mahaifina marigayi, Baba nake ce masa. Sai na ce wa kaina ai ni ba mai leƙe ba ne. Baba bai kawo mini ƙorafi ba. Matata ce ta gaya mini cewa Inna, matarsa, ta daina daka a waje, surukanta sun koma girki cikin ɗaki, hayaƙi har ya tayar wa tsohuwa da tari. Na ce mata su suka ga dama.

Ranar wata Litinin na dawo na tarar da jan fenti a bangona, mutane sun taru suna kallo. Ma'aikatan tsara gari sun zo, sun ce a dakata, in ban kai kaina ofis ba za a rushe benen. Ban yi shawara da kowa ba, zuciya ta ce mini Baba ne ya kai ƙara. Na same shi a ƙofar masallaci bayan La'asar cikin dattawa, na ce masa hassada ce ke cinsa, na ce da mahaifina na raye da bai yi mini wannan munafunci ba. Baba ya dube ni, ya tambaya ko na gama, ya ɗauki takalmansa ya tafi.

A ofis aka ce mini babu wanda ya kai ƙara, benen ne suka hango daga titi. Suka yi mini bayani cewa ba a ɗora ɗaki a sama sai an duba ko tushen ginin zai ɗauka, kuma ba a yarda taga ta fuskanci tsakar gidan wani ba. Sannan babban cikinsu ya ce in gode wa Allah, don da safiyar nan wani dattijo ya zo da mai unguwa, ya roƙa kada a rushe, a toshe tagar kawai, saboda yaron maraya ne kuma iyali sun yi masa yawa. Wallahi nan take na gane Baba ne.

An toshe tagar, an ƙarfafa ginin, benen na nan. Na je na durƙusa gaban Baba ina kuka. Ya ce ya yafe, amma da zai sallame ni sai ya kira ni Malam, shi da tun ina goye ɗana yake ce mini. Bai sake canzawa ba har Allah ya karɓi ransa bara.

Ku da kuke shirin ɗora bene, ku nemi izini, ba don tsoron jan fenti kaɗai ba. Dokar tana kare sirrin gidan da ke gefenku ne. Kafin a fasa taga, ku hau ku duba gidan wa za ta kalla, ku je ku tambayi mai gidan. In kuma rai ya ɓaci, ku bincika kafin ku buɗe baki. Tagata bulo kaɗan ya toshe ta, amma abin da na faɗa a ƙofar masallaci har yau ban samu abin toshe shi ba.