Malam Garba da Rumfar Bakin Iyaka

Duk wanda ya yi sakandare a Bagudo a zamaninmu ya san marigayi Malam Garba mai lissafi ba ya jefar da alli. A gwangwanin tumatir yake tara guntaye, ya yi ta rubutu har farce ya fara kartar allo. Mu ce, "Malam, ai ya ƙare." Ya ce, "Ƙarewa? Wanga sai ya kai mu jarrabawa!"

Alamar sikwaya rut (√) kuwa, rumfar bakin iyaka yake ce mata, irin ta hanyar Lolo. "Abu biyu za ku tambaya, ɗiyana: wa aka yarda ya shiga, mi kuma ke fitowa? Lambar da ke ƙasa da sifili ba ta da takarda!"

Wata rana ya rubuta y = √(x − 3), ya kore mu waje, ya ba kowa lamba, ya tare ƙofa. Sai ka cire uku daga lambarka kafin ka wuce. Bello mai bakwai ya zama huɗu, ya shige yana taƙama. Hadiza mai biyu aka ce mata, "Koma gida, Hajiya!" Ni uku aka ba ni. Na cire, na ga sifili, na koma rana na tsaya ba wanda ya kore ni.

"Nasiru, mi ya kai ka can?"

"Malam, ina ganin kamar... wataƙila ban cancanta ba."

"Kai, matsoraci! Sifili ɗan gari ne, kan iyaka aka haife shi. Shigo!"

Bayan na gama jami'a na je Birnin Kebbi neman aikin koyarwa, gurbi ɗaya, mu da yawa. Idan ban manta ba, irin tambayar nan aka ba ni a allo. Na rubuta cewa x ya fi uku, na ajiye alli. Mai tantancewar ta ɗaga biro. Wallahi sai na ji muryar nan: "Matsoraci!" Na ɗauko allin, na gyara: x daga uku zuwa sama, y daga sifili zuwa sama. Ta ce, "Saura kaɗan ka bar mutum a waje."

Na samu aikin. Ban samu gaya masa ba, ya riga ya rasu.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe masa kurakuransa. Ranar da zai tsaya a bakin ƙofa, Allah Ya sa a ce masa, "Shigo."