Yaran da na tura ɗiban ruwa

Tun da boko ya shigo Mubi ba a yi mai duba makarantu kamar kawuna ba, manomin ƙauyen Digil wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba. Yau shekara goma da rasuwarsa.

Ina sabon malamin firamare, ranar zuwan wani Baturen sufeto na tura daƙiƙan ajina ɗiban ruwa a mayo, wato kogi, kada su kunyata ni. Sufeto ya yaba, ya tafi. Sai ga Kawu da laka a ƙafa, yaran a layi a bayansa, tuluna suna ɗiga.

Ya ce, "Malam, Bature ya duba rabin ajinka. Ni na duba wanda ka ɓoye."

Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini. Yaron da ke gaban layin autansa ne.