Tsagar da ke Bayan Jerena

Ni tun ina yarinya ba ni da ƙafar yawo. Shekara goma sha ɗaya na yi a ciki da falo a Mpape, kuma in an cire asibiti da gidan suna da gidan rasuwa, ban san hanyar ko'ina a Abuja ba. Baban yara ne mai fita, kullum yana hanyar Zuba inda yake sarin lemo da kankana. Ni ina gida. Gidan haya ne mai ɗaki shida a jikin dutse, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Na san ƙarar ƙofar kowa, na san tarin kowa, in an ɗora tukunya a ɗakin ƙarshe ina iya faɗa miki ko wake ne ko taliya.

Abin da na fi so a ɗakin nan jerena ne. Samiru ne da fantekoki da mahaifiyata ta tara mini, na zo da su tun daga gida, na jera su a kabet mai gilashi da ke jingine da bangon uwar ɗaki, bangon da ya ba dutse baya. Matan Abuja suna mini dariya, wai wa yake jere yanzu. Ban taɓa kula su ba. Duk Juma'a sai na fito da su na goge.

A unguwar akwai masu fasa dutse. In suka tashi nakiyarsu wajen azahar, murafan kwanukan sama sukan ce ƙas sau ɗaya su yi shiru. Mun saba, ko kaji ba sa ɗaga kai. To wata rana da hantsi ina tsince shinkafa sai na ji wani abu daban. Daga ƙasa ya taso, kamar tirela tana wucewa ta ƙarƙashin gado. Murafan sama ba su ce komai ba. Manyan samirun da ke can ƙasa ne suka ɗauki wani gurnani mai tsawo, har ruwan da ke cikin roba ya yi ta rawa. Muka fito tsakar gida, kowa na salati. Kwanaki aka yi ana haka, ya zo ya tafi. Juma'ar da ta biyo, da na kwashe samirun zan goge, sai na hango ta inda katakon bayan kabet ya ruɓe: bango ya dare tun daga sama har ƙasa. Na zura yatsa ya shige. Bayan sati biyu hannuna ne yake shiga.

Ana nan sai labari ya zo cewa masu bincike za su bi gida gida da na'ura, su duba waɗanda motsin ƙasa ya taɓa. Kafin su iso Alhaji ya riga su, wato mai gidan da muke haya, wanda sai mu shekara ba mu ga ƙeyarsa ba. Ya tara mu a tsakar gida.

Ya ce, “Ku dai kun san garin nan. Duk wanda ya shigo unguwa da abin awo, katafila tana bayansa. In an tambaye ku, ba ku ji komai ba, ba ku ga komai ba. Gobe birkila zai zo.”

Ba wanda ya yi musu, don dukkanmu mun taɓa ganin jan fenti a bangon wani, mun ga abin da ya biyo baya. Birkila ya zo ya bi ɗaki ɗaki yana cusa siminti a duk tsagar da ya gani, aka bi da fenti. Da ya zo nawa ya shafe ta falo, ya ce a janye kabet. Na ce ba namijin da zai shiga uwar ɗakina ya taɓa mini kwanukan uwata. Gaskiyar magana kuwa, ƙyuyar kwashe su nake, ga tsoron kar ya fasa mini gilashi. Ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Da na bar shi ya shiga, da yau wani labarin nake bayarwa.

Masu binciken suka zo ranar wata Laraba. Wadda ta shigo gidanmu yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba, da hular kwano a kan mayafi, riƙe da wata waya mai faɗin faranti. Injiniya ce. Ta bi ɗakuna biyar, kowa ya ce mata ranar yana kasuwa. Maƙwabciyata ta jikin bango, 'yar jihar Nasarawa mai suyar ƙosai, Hausarta ta koyo, wadda muka yi shekara tara muna cin abinci a kwano ɗaya, har cewa ta yi, “Mu ba ya jin komai a nan, madam. Gida yana lafiya.”

Da ta zo ƙofata sai ta yi sallama, ta durƙusa ta ce, “Ina wuni, Mama.” Hausarta ta Katsina ce tsantsa, irin wadda na yi shekaru ban ji ba. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo kunun aya. Na yi niyyar in ce ban ji komai ba, Allah ya sani. Amma da ta ce, “Mama, ko kin taɓa jin ƙasa ta motsa?” sai bakina ya riga ni.

Na ce, “Wanne? Na masu nakiya, ko na ƙasa?”

Ta ajiye kofin. Ta ce, “Kina bambance su?”

Na ce me zai hana. Na faɗa mata yadda murafan sama suke yi, da yadda samirun ƙasa suke yi. Na lissafa mata ranakun: na farko da hantsi ranar da nake tsince shinkafa, na biyu ana kiran la'asar, na uku ranar sunan gidan mai wanki, wanda ya fi su tsawo. Tana ji tana shafa faifan wayar nan, sai ta juyo mini da shi. Wasu layuka ne kamar zaren da kaza ta tattaka. Ta ce wannan na'urarsu ce da ke can kan tudu take rubuta duk motsin da ƙasa ta yi. Ta nuna mini wuri uku da layin ya yi tsalle. Duka ukun sun dace da nawa.

Ta ce, “Mama, wallahi kunnenki ya fi na'urarmu. Ita sai mun zauna mun tace kafin mu raba nakiya da girgiza.”

Ni aji uku na yi a firamare aka cire ni. Tunda nake, in an yabe ni to a kan miya ne. Yau ga mai digiri ta zauna a dardumata tana rubuta maganata. Wannan ne ya ci ni, ba wani abu ba. Na ce mata, “'Yata, tashi ki kama mini.” Da hannuna na kwashe samirun, ni da ita muka janye kabet.

Ta matsa ta ƙare wa tsagar kallo. Ta ɗauki hoto, wayar da kanta ta auna faɗin ta rubuta. Ta fita ta zagaya bayan gidan, ta dawo ta ce tsagar ba a filasta take ba, daga tushe ta taso, kuma bangon nan shi ke riƙe da ɗakuna uku. Na ce, “Ba dai rusau za ku kawo mana ba?” Ta ce a'a, ta rantse. Ta ce taswira za su haɗa, kowane gida da launinsa, kore ko rawaya ko ja, don a san inda za a ƙarfafa, a san waɗanda za a fara kai wa ɗauki in babba ta zo. Kuma ba ta yi mini ƙarya ba. Har yau katafila ba ta shiga layin nan ba.

Ta manna wani ɗan akwati kamar na ashana babba a kusurwar ɗakin, ta saka mini wani abu a waya. In na ji motsi in danna nan, in na ga tsaga ta ƙaru in danna can. Wata biyu na yi ina dannawa kamar an ba ni aikin gwamnati. Har taro suka yi mana a filin makaranta, suka koya mana in ƙasa ta motsa kar a tsaya ɗaukar kaya, kar a raɓe jikin katanga ko ƙarƙashin falwaya. Na zauna a sahun gaba.

Sai taswira ta fito, kuma ashe kowa na iya buɗe ta a wayarsa. Ina wanke-wanke maƙwabciyata ta zo ta tsaya a kaina, ta miƙo mini waya har tana taɓa mini hanci. Layinmu gaba ɗaya kore, gida bayan gida, duk waɗanda birkila ya bi. Namu kaɗai ja.

Ta ce, “Maman yara, kai ne. Kowa ya rufe baki, kai ka buɗe. An ba ka kunu ne ko kai ka ba shi?”

Na ce, “Bangon nan a kan 'ya'yanki zai faɗo, ba nawa kaɗai ba.”

Ta ce, “Bango yana tsaye. Mu ne za mu faɗi.”

Kwana huɗu Alhaji ya zo da takardu shida. Bai ɗaga murya ba, har da murmushinsa. Ya ce tunda masana sun ce gidansa zai kashe mutane, shi ba zai ɗauki alhakin rai ba, kowa ya tashi za a yi gyara. Ya dube ni ya ce, “Hajiya, an gode da ƙoƙari.” Ban taɓa zuwa Makka ba, ya sani.

Baban yara mutum ne marar faɗa. Ya karanta takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce, “Da kin bar mutumin nan ya shafe bangonsa.” Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kira injiniyar. Ta zo, ba zan ci haƙƙinta ba. Ta samu Alhaji ta yi masa bayanin cewa ana iya gyaran ɗaki ɗaki ba tare da an tashi kowa ba. Ya yi ta cewa to, to, madalla. Da ta dawo wurina idonta ya yi ja. Ta ce, “Mama, mu awo aka sa mu. Maganar haya ba ta hannunmu. Na rubuta, na kai sama.” Na ce sama ina? Ta miƙe ta shiga ciki. Ta ɓalle ɗan akwatinta daga kusurwa, don an ce aikin unguwarmu ya ƙare.

Gida shida muka watse. Maƙwabciyata ba ta samu ɗakin da za ta iya ba, ta cire yara daga makaranta ta koma ƙauye. Ranar da za ta tafi na ji motsinta a ƙofata, na san takunta. Kafin in fito ta ajiye mini turmina da ta ara tun shekara biyu, ta wuce. Ko sallama.

Mu muka dawo bayan Zuba, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ba dutse ba nakiya. Baban yara ya huta da doguwar hanya, har yana cewa abin ya zama alheri. Na jera samiruna, ɗaya ta ɓantare a mota. Tun da muka zo ba su ce uffan ba.

Abin nan na waya ban goge shi ba. Wata rana na buɗe don in ga tsohon gidanmu, sai na gan shi kore. Na ɗauka idona ne. Ashe an ba masu gidaje dama in sun yi gyara su tura sabon hoto. Ga bangona nan sumul, an yi masa shuɗin fenti. Baban yara ya bi ta layin lokacin gyaran, ya ce sati biyu aka yi, ba wanda ya tona tushe, birkilan nan ne dai da cokalinsa.

Ni da ba na fita, na sa hijabi na hau mota biyu na je. Wata yarinya na tarar a ɗakina, da goyo da wasu biyu suna wasa a ƙasa. Ta karɓe ni da mutunci. Ta kafa gadonta daidai inda kabet ɗina yake, matasan kai a jikin bangon. Na faɗa mata ko ni wace ce, na faɗa mata abin da ke bayan fentin.

Ta ce, “Ai Mama mun duba a waya kafin mu kama. Kore ne.”

Na ce, “Hannuna na zura a ciki har wuyan hannu.”

Ta dubi bangon, ta dubi yaran. Ta sauke murya ta ce, “Wata biyar muka yi a ɗakin yayar mijina kafin mu samu nan. Don girman Allah, Mama, kar ki faɗa wa kowa. In aka tashe mu ban san inda za mu ba.”

Na zo da samira ɗaya a jaka, babba, cikin na ƙasa. Na ce ta ajiye ta a ƙasa jikin bangon da murfinta, kar ta zuba komai a ciki. In ta ji ƙas sau ɗaya, masu nakiya ne. In ta ji ta ɗauki gurnani, ta kwashi yara ta yi filin makaranta, ko mayafi kar ta tsaya nema. Na sa ta ja gadon zuwa ɗaya bangon, na kama mata. Ta yi ta godiya, amma na ga tana kallon samirar irin kallon da ake yi wa abin jiƙa wake.

A cikin abin nan na waya har yanzu akwai wurin da in ka danna za ka ce tsaga tana nan. Na san inda yake, injiniyar ta koya mini da kyau. A motar dawowa na buɗe shi, na ɗora yatsa, har muka wuce Dei-Dei yatsan yana wurin. Na tuna turmina a bakin ƙofa. Na kashe wayar na sa a jaka.

Saƙon masu binciken yana shigo mini har yanzu, don a wurinsu ina Mpape. Wancan watan ma ya shigo da rana tsaka, wai an ji ɗan motsi, a kwantar da hankali. Ina zaune a gaban jerena, ko murfi ɗaya bai motsa ba. Na riƙe wayar har shinkafata ta kama, ban danna wurin tsagar nan ba.