Motar da Mahdi Ya Bari

Malam Kabo mutumin Zango ne, dillalin awaki, kuma tunda yake bai taɓa riƙe sitiyari ba. Amma a ƙofar gidansa, ƙarƙashin dalbejiya, akwai wata baƙar mota mai ƙofa huɗu, irin mai turbo ɗin nan, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi. Ta ɗansa Mahdi ce. Ranar da Mahdi zai tafi neman aiki Aljeriya ya danƙa masa makulli, ya ce, "Baba, a riƙa tayar da ita kada ta mutu kafin in dawo. Kuma don Allah kada a ba kowa."

Shekara uku ke nan. A ta biyun matarsa Nana ta rasu, gidan ya zama daga shi sai tunkiya guda. Wayar Mahdi ma ta koma sai salla-salla.

Kullum da hantsi Malam Kabo yakan goge motar tas, ya murɗa makulli, ya bar ta tana kuka gwargwadon shan kofin koko, sannan ya kashe. In ruwan lagireto ya ja baya, ya ɗebo na rijiya ya cika, wanda yake ba tunkiyarsa.

Wata Laraba injin ya kama rawa kamar mai zazzaɓi, shuɗin hayaki na fita ta salansa. Ya aika aka kira Jafaru bakanike.

Jafaru ya buɗe gaban motar, ya zaro fulogi baƙi ƙirin, ya shinshina baƙin mai.

"Baba, wa ke tuƙa ta?"

"Babu kowa."

"Shekara uku? Haba Baba, ai ba akuya ba ce da za a ɗaure a turke!"

Ya yi masa bayani a hankali. Irin wannan inji in bai yi tafiya ya ɗau zafi sosai ba, fetur kan gangara ya tsinka baƙin mai, turbo ya fara yoyon mai cikin salansa. Ruwan rijiya kuma ya cinye famfon ruwa, ga wani bututun roba ya tsage.

Malam Kabo ya ce, "Wato ni nake kashe ta."

"Ba ta mutu ba tukuna. Zan gyara. Amma sai ta riƙa hawa titi, ko Daura ne, sau ɗaya a mako. In ba haka ba, injin ba zai kai baɗi ba."

Kwana huɗu Malam Kabo yana kiran lambar Mahdi, ba ta shiga. A na biyar ya ciro makullin daga aljihun 'yar shararsa, ya miƙa wa Jafaru, bai dube shi ba.

Ranar da aka gama gyara, Jafaru ya ja motar, Malam Kabo ya zauna gaba, hannuwansa bisa gwiwa, gonakin gero na wucewa. Kafin su kai Daura hayakin ya ragu. Jafaru ya tsaya a bakin kasuwa, amma bai kashe ba.

"Sai turbo ya huce, Baba. Minti biyu."

Malam Kabo ya gyaɗa kai. Ya zauna yana ta juya yadda zai gaya wa Mahdi cewa ya ba wani motar.