Mai Yi wa Yaya Musu

Yayanmu bai taɓa tuƙa mota ba a rayuwarsa, amma direbobi sun fi shakkarsa a kan ɗan sandan hanya. Shekara da shekaru shi ne mai kula da motocin ɗaukar yara a wata makarantar kuɗi. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a jikin ƙofar shiga, mai taga ɗaya, makullai na rataye a ƙusoshi, ga wayoyi biyu a kan tebur da ba sa hutawa tun daga asuba har a kaɗa ƙararrawa. Duk kiran kuwa tambaya ɗaya ce: ina motar take? Uwa ta tsaya bakin titi da yaro da jaka, ta makara wurin aiki, sai ta sauke haushinta a kan Yaya. Shi kuma ya kira direba ya sauke masa.

Mu uku mahaifiyarmu ta haifa: shi, ni, sai Auta. Mahaifinmu ya rasu Auta ba ta fara tafiya ba, sai Yaya ya zama uba tun gemu bai fito masa ba. Ya riƙe mu, wannan ba na musu. Amma riƙo ne irin na ba a mayar masa da magana. Ni tazarar da ke tsakaninmu kaɗan ce, kuma dama Allah ya yi ni da baki, na sha rankwashi har kaina ya saba. Auta kuwa a kafaɗarsa ta girma. Shi ya kai ta makaranta, shi ya saya mata kwamfutarta ta farko, shi kuma ya koya mata cewa ba a kallon babba ido cikin ido, in ya yi magana a ce to.

Da kiran iyaye ya ishe shi, sai dabara ta faɗo masa: a yi manhaja a waya da za ta nuna wa uwa inda motar ɗanta take, kada ta fito sai motar ta kusa. Ya ajiye aiki, ya kama haya a saman wani shagon sayar da taya, ya sa tebur biyu. Shugabar makarantar ta yi masa alkawarin za ta gwada abin in sabon zango ya kama. Ya san hanyoyi, ya san direbobi da halinsu, ya san iyaye. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake rubuta manhaja. Mutum ne da in wayarsa ta tsaya, jijjiga ta yake yi. Kuma ba ɗan kwangila yake nema ba, wanda zai yi aiki ya kama gabansa. Abokin tarayya yake so, wanda za su raba kamfani, su ci riba tare su sha asara tare.

To, wannan aikin shi ne sana'ar Auta. A kamfanin da take, maza ne a ƙarƙashinta, kuma na sha jin ta a waya tana gaya wa wani babba cewa tsarinsa ba zai yi ba, murya ko rawa babu. Tana son tebur na biyun nan kamar ta yi me. Kowa a gida ya sani, har maƙwabta. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ita ba za ta buɗe baki ta nema ba, shi kuma da ya kira ta, sai cewa ya yi, "Auta, ke da kike cikin masu wannan harka, nemo min mutum."

Ta ce, "To, Yaya." Kuma ta nemo, na kirki ma, don ba ta iya ha'inci ba.

Yaya ba ya tantance mutum a ofis. Yakan sa shi ya zo da sassafe su shiga motar yara ta tsohuwar makarantarsa, su zauna a kujerar baya cikin ihu da ƙamshin abincin da ke cikin jakunkuna, su bi hanya tun daga gidan farko har ƙofar makaranta. A tsakiyar tafiya sai ya zayyana tsarinsa: duk inda direba ya tsaya, zai danna maɓalli a wayarsa, iyayen gaba su ga saƙo.

Na farko ya zo da kwat, ya riƙa ɗaga ƙafa kada yara su taka masa takalmi. Ya ce tsarin ya yi, babu gyara. Na biyu, wani dogo mai fara'a, ya ce ai wannan aikin ɗan lokaci ne, Yaya ya kwantar da hankalinsa. Yaya ya yi musu godiya, ya ce zai neme su.

Na uku shi muke kira Mai Tabarau. Bai iya gaisuwa ba, sannu ɗaya ya yi ya zauna. Da Yaya ya gama bayani, sai ya nuna direban da haɓa ya ce, "Wancan ne zai danna? Hannunsa ɗaya na kan sitiyari, ɗaya na raba faɗa. Zai danna yau don kana nan. Gobe ya manta, uwa ta zauna a ɗaki mota ta wuce ta. Wayar ce za ta riƙa faɗin inda take da kanta, a ƙyale direba ya yi tuƙinsa."

Yaya ya ce, "Direbobina in na ce su danna, za su danna."

"Naka. Na wata makarantar fa? Ko duk za ka bi su kana zare musu ido?"

Direban da kansa ya ba ni labari, ya ce har suka isa ana musu, jijiyar wuyan Yaya ta tashi, yara suka yi tsit suna kallo. Da aka sauka, Yaya ya tsaya jikin mota yana huci, can ya ce wa Mai Tabarau ya zo ya ga tebur na biyun nan, ya zama nasa.

Abin da ya ƙona min rai shi ne, wannan maganar ta maɓalli Auta ta faɗa min ita tuntuni, muna wanke-wanke, kusan kalma da kalma. Don haka na hau benen nan da rana tsaka, warin taya na bina, na tarar da Yaya shi kaɗai.

Na ce, "Yaya, ka bar ƙanwarka ka ɗauko bare wanda ko gaisuwa bai iya ba? Ta fi shi sanin aikin, shi ma ya sani."

"Na sani," ya ce. Bai ɗaga murya ba, abin da ya ba ni mamaki. "Ita na fara gaya wa tsarin maɓallin, kafin kowa. Ina kallon fuskarta, na ga ta hango matsala. Na yi shiru ina jira. Kin san me ta ce? Allah ya sanya alheri." Ya gyara zaman wayarsa a tebur. "Ni ban san komai a aikin nan ba. In na nufi rami, wanda zai riƙe min riga nake buƙata, ba wanda zai bi ni da addu'a ba."

"Wa ya mayar da ita haka?"

"Ni." Sannan ya ce, "Ɗakin nan zai ɗauki tebur uku. Ranar da ta shigo ta dube ni ta ce na yi kuskure da na tsallake ta, a ranar zan raba kamfanin uku. Amma kada ki gaya mata."

Ko gida ban kai ba na kira ta na gaya mata. Ta yi dariya, ta ce wannan ai mai sauƙi ne. Da muka haɗu, ta gwada faɗin maganar a gabana sau da yawa, har da nuna yatsa, ta fito tsaf. Muka shirya za mu je tare, ni in tsaya daga baya.

Muka tarar Mai Tabarau ya fita. Yaya na rubuta wani abu, da ya gan ta a bakin ƙofa sai ya ajiye biro, ya kife wayarsa, ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance ta. Tunda nake ban taɓa ganin ya juya wa wani kujera haka ba. Ya ce, "Auta. Ina jin ki."

Ta ɗago kai. Na ga leɓenta ya motsa. Daga ƙasa ana jin ƙarar injin buga iska, ya tashi, ya mutu. Sai idonta ya sauka kan takalminta, kamar yadda yake sauka tun tana 'yar ƙarama.

"Dama wucewa muka zo yi," ta ce, "na ce bari in gaishe ka."

Ya amsa gaisuwar, ya tambaye ta aiki, ta ce lafiya. Ta juya ta sauka. Na tsaya don in faɗa masa baƙar magana, amma da na dubi fuskarsa sai tausayinsa ya kama ni, na haɗiye. Yana nan zaune yadda yake, yana kallon ƙofa, har muka daina jin takunta a kan bene.